Ranar farko a lambunan haya

Asabar, Birmingham ta Ingila. Yau dai na fara aikin ɗaukar fim a kan wani lambun haya, inda mutane ke karɓar ɗan fili su yi noma. Wata biyu ina kai-komo kafin kwamitin lambun ya yarda in shiga da kyamara, shi ma da sharaɗin kada in ɗauki kowa sai ya amince da bakinsa.

Ƙarfe takwas sakatariyar kwamitin ta buɗe mini ƙofa, raɓa ta jiƙe ciyawa sharkaf. Muna tafe tana nuna mini fulotai, kowanne da lambarsa a jikin katako. Cikakken fuloti, in ji ta, murabba'in mita 250 ne, amma yanzu rabi ake ba sabon shiga saboda masu jiran layi sun yi yawa. Ƙasar ta ƙaramar hukuma ce, haya ake biya shekara-shekara. Tun 1908 doka ta ɗora wa ƙananan hukumomin Ingila samar da irin waɗannan filaye idan jama'a suka nema, ta 1922 kuma ta fayyace cewa abin da aka noma na cin gida ne. Shi ya sa duk faɗin wurin ban ga mai ciniki ba, sai kwandon kabewa a bakin ƙofa, wanda yake so ya ɗauka.

Na zo da tambayoyi goma sha biyu a rubuce, har da ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnati ta yi gangamin kowa ya noma abincinsa, fulotai suka haura miliyan ɗaya. Ko ɗaya ban yi ba.

Wani dattijo ne ya sauya mini tsari. Daga Jamaika ya zo yana saurayi, gashinsa yanzu fari fat. Na same shi zaune a kan bokiti a ƙofar ɗan ɗakinsa na katako, yana murza busassun kawunan alayyafo a tafin hannu, baƙaƙen ƙwayoyin na zuba cikin tsohon ambulan. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya dubi kyamarar, ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ajiye wannan tukuna, riƙe mini ambulan ɗin."

Na riƙe. Kusan awa guda yana murzawa yana magana: yadda katantanwa ke cinye masa shuka a dare ɗaya, yadda sanyin ƙasar nan ba ya barin a fitar da alayyafo waje sai ƙarshen Mayu, da yadda matarsa, kafin ta rasu, take rubuta shekara a bayan kowane ambulan. Ya juya wanda ke hannuna ya nuna mini rubutunta. Wallahi da na kunna kyamara a lokacin, da na ci amanar zaman. Ban yi nadama ba ko kaɗan.

Abin da na dawo da shi minti bakwai ne kacal: hannun wata mata tana binne tafarnuwa ɗaya-ɗaya, da ƙarar baro a kan tsakuwa.

A bas na soke tsarin makonni shida da na yi. Shekara guda zan bi lambun, daga wannan shukar tafarnuwa zuwa tononta a watan Yuli, har zuwa ɗiban iri na baɗi. Dattijon ya ce in dawo Asabar mai zuwa da takalmin roba, za mu kwashi taki. Kafin nan sai na samo wa makirufo abin tare iska, don yau iska ta cinye rabin sautin.