Abin da zaman sikeli ya koya min a filin gwangwan

Toh jama'a, tunda labari ya riga ya zaga cewa na bar filin Alhaji na sayen tsofaffin ƙarafa inda nake akawu, kuma kowa da abin da yake ƙarawa a kai, wasu ma cewa suke korata aka yi, gara in faɗa da bakina. Ba wanda ya kore ni, ni na ajiye biro da littafi nace na gode. Ku da kuke harkar kun san filin kun san mutanen, ba sai na kama suna ba, kuma ba tonon silili na zo yi ba, abin da na gani ne zan faɗa ko zai amfani wani yaron da za a zaunar a kan sikeli gobe.

Duk mai filin jari bola in ka ce masa sata, katanga yake kallo. Sai a ƙara bulo, a ɗaura waya mai ƙaya, a kafa fitilar sola, yanzu har kyamara ake sawa wadda Alhaji zai riƙa leƙawa ta wayarsa yana kwance a gida. Duk da kyau, bance a daina ba. Amma dan Allah wanda ya hauro katanga da daddare me zai iya ɗauka? Baƙin ƙarfe nauyi gare shi kuma ba shi da wani kuɗi, in ya yi ƙoƙari ya jefa guntayen rodi da kan injin ɗaya ta baya ya gudu. Abin da yake da kuɗi a fili kowa ya sani, kofa ce, wato jan ƙarfen da ke cikin wayar wuta, sai buras, ƙarfen nan mai ruwan ɗorawa, sai alminiyam da batir. Kilo ɗaya na kofa ya ninka kilon baƙin ƙarfe fiye da sau goma, buhu ɗaya da za a sa a but ɗin mota ya fi tulin da yara suka wuni suna jibgewa. Kuma a iya zamana a wajen, kofar da ta ɓata ba ta katanga ta fita ba, ta get ta fita da rana tsaka, maigadi ma har ɗaga wa motar hannu yake.

Ga yadda abin yake. Waya tana shigowa da robarta, ni nake aunawa in rubuta in biya. Daga nan a ba yara su fere mai kauri da wuƙa, sirara kuma a kai bayan fili a ƙona, wannan baƙin hayaƙin da maƙwabta kullum suke kawo ƙara a kansa. In an gama dole nauyi ya ragu tunda roba ta tafi, to nawa ya ragu? Nan ne gizo ke saƙar. Ya danganta da irin wayar, ta wayarin gida daban, ta inji daban, mai sulke daban, ba wanda zai ce maka ga ƙa'ida guda. A filinmu kuma ba a sake aunawa a gabana bayan ƙuna, manaja ne yake tarawa ya zuba a buhu ya kulle a kwantena, makulli ɗaya ne kuma yana aljihunsa, da yamma sai ya leƙo ya ce akawu rubuta kaza. Ni kuma in rubuta kaza.

Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Mutumin da ya daɗe yana ɗaga waya yana ɗorawa a sikeli hannunsa ma ya san abin da za ta bayar. Sai na fara wani abu ni kaɗai, duk sanda aka kawo waya sai in yanki ɗan guntu in auna a ƙaramin sikeli, in fere shi da kaina in sake aunawa, in rubuta a wani ɗan littafi na aljihu da kwanan wata da irin wayar da sunan wanda ya kawo. Ba da wata manufa na fara ba wallahi, son sani ne kawai irin na wanda ya ɗan zauna a aji. Da tafiya ta yi tafiya sai naga abin da manaja yake cewa in rubuta kullum yana ƙasa da abin da lissafina yake bayarwa, kuma ba ɗan ƙasa ba. Na same shi a ofis nace Oga, anya yaran nan ba sa wuce gona da iri wajen ƙuna, naga kamar raguwar ta yi yawa. Na ma ba shi ƙofar fita kenan. Ya kalle ni yace Malam akawu, kai aikinka sikeli, abin da ke cikin kwantena ba ruwanka, boko ba ta kai nan ba. Nace Allah ya ba da haƙuri Oga.

Ku sani manajan nan ƙanin uwargidan Alhaji ne. Wannan kaɗai ya isa bayani.

Alhaji yana da al'ada, in azumi ya kusa yakan sa a yi lissafin komai saboda fitar da zakka, a auna abin da ke ƙasa a haɗa da littafi. To ashe ramin ya yi zurfin da ƙuna kaɗai ba za ta rufe shi ba, don har abin da ya ce in rubuta ɗin ma bai cika a kwantena ba. Ana saura kwana kaɗan a yi awo sai muka zo da safe muka tarar da hayaniya, wai an fasa katanga ta baya an kwashe kofa. Na je na tsaya a wajen na duba da idona. Ramin da ƙyar yaro ɗan shekara goma zai kutsa, balle buhun kofa da sai ƙarti biyu sun kama. Ɓaraguzan bulon duk a waje suke cikin kwata, cikin fili fes, wanda kuwa ya taɓa riƙe guduma ya san in ka daki bango daga waje ciki yake zubowa. Kwaɗon kwantena ba a yanka shi ba, ba a ɓalle shi ba, ga shi nan a rataye lafiyarsa ƙalau, wai ɓarayin sun zo da makullin da ya dace. Ƙasa kuma ga ƙura ko'ina amma babu sawun jan buhu ko ɗaya daga kwantena zuwa ramin.

Kafin azahar an riga an shafa wa Baba maigadi kashin kaji. Wanda bai san Baba ba, Buzu ne daga wajen Tawa, dattijo, tun filin yana kango ba ko get yake gadinsa, shi da butar shayinsa da takobinsa da ɗan rediyo. Mutumin da in ya tsinci ƙusa a bakin get sai ya kawo min yace ɗana, a sa a tuli. Manaja ya tsaya a gaban yara yana nuna shi da yatsa yana cewa da haɗin bakinsa, ai irinsu ba su da tabbas, yau suna nan gobe sun tsallaka iyaka. Baba bai ce komai ba sai "Allah yana gani, Oga", ya maimaita ya fi a ƙirga. Aka kai shi wajen hukuma ya kwana, aka bincike ɗakinsa ba a samu ko guntun waya ba, 'yan uwansa masu gadi a layin suka haɗa kuɗi suka yi belinsa. Har yau in na tuna yadda aka sa shi ya kwance rawaninsa a gaban yaran da ya girmi iyayensu sai inji wani abu ya tokare min ƙirji.

Daren nan na ɗauki ɗan littafina da babban littafin fili na tafi gidan Alhaji bayan isha'i. Na zauna a ƙasa nace ranka ya daɗe, ga abin da ya shigo, ga abin da ya kamata ya fita bayan ƙuna, ga abin da aka ce in rubuta, wata bayan wata. Na faɗa masa maganar ɓaraguzai da kwaɗo. Alhaji ba yaro ba ne a harkar nan, da kura ya fara yawo unguwa unguwa kafin Allah ya ɗaga shi, ya fi ni sanin abin da waya take bayarwa. Ya sa tabarau ya bi layi layi da yatsa, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai yace Malam, na gani, Allah ya yi maka albarka, amma maganar nan ta tsaya a ɗakin nan, sha'anin gida ne. Nace to ranka ya daɗe Baba fa? Yace za a duba.

Ba a duba ba. Baba bai dawo ba, albashinsa na watan ma an riƙe wai an rage asara. Manaja yana nan da makullinsa, har ya sauya mota bayan sallah. Ni kuma da bansan yadda aka yi ya ji na je gidan ba, sai aka ɗauke ni daga sikeli aka mai da ni bakin get ina ƙirga kura da rubuta lambar mota, aka kawo wani ɗan ƙanwarsa aka zaunar a kujerata. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Na zauna a get ɗin na wani lokaci don kar a ce na gudu saboda ina da hannu, sai da kowa ya ga an juya shekara ba a ce ko sisi ta ɓata ta wajena ba sannan na tafi.

Zaman get ɗin ma bai tashi a banza ba, don a nan naga ɗaya fuskar satar, wato wadda take shigowa. Da rana yaro zai turo kura da tsohon kwano da gwangwanin madara da ƙafar keke, a yi ta yi masa tsawa ana cewa ina ka samo. Bayan magariba kuma sai mota mai baƙin gilashi ta shigo da kebul mai sulke sabo fil an daddatsa shi gaɓa gaɓa, wanda makaho ma in ya shafa ya san daga jikin taransifomar wata unguwa aka yanko, ba mai tambaya, ba ya shiga littafi, kafin asuba an ƙone. Shi yasa lokacin da aka yi ta sace murafen kwalbati a titunan Abuja har hukumar birnin ta rufe kasuwannin panteka, wato na tsofaffin ƙarafa, na mako 2 a Janairun 2025 ta kuma hana 'yan baban bola yawo cikin gari, ni dai tausayin yaran ne ya kama ni. Ban ce duk tsarkaka ba ne, akwai ɓata gari a cikinsu sosai, amma murfin kwalbati kas ne, wato ƙarfen zubi, mai nauyin tsiya, ba wanda zai wahala ya ciro shi in bai san inda za a karɓa a biya shi a daren ba. Mai karɓar yana da fili da get da maigadi, kuma ba shi ake nunawa a talabijin an zaunar a ƙasa ba. Haka lokacin rusau a Kano a 2023, rodi ya yi ta shigowa filaye kamar ruwa, manya suka cika tireloli aka yi kamfanonin ƙarfe na Ogijo da Ikorodu can wajen Legas da shi aka narke, zagi kuma ya ƙare a kan yaran da suka fasa kankare da hannu.

Sauran abubuwan da na koya ba su da tsawo. Kofa a auna ta sau biyu, kafin ƙuna da bayan ƙuna, a gaban mutum biyu. Kwantena kwaɗo biyu, makulli a hannu biyu, kuma kar ɗaya ya zama surukin mai gida. Rasit mai kwafi, ɗaya ya tafi da mai kaya. Mayen ƙarfe kullum a aljihu, don ana cusa baƙin ƙarfe a tsakiyar buhun buras, bututu kuma a leƙa cikinsa saboda yashi. Tirela a auna ta babu kaya a auna ta da kaya kafin ta bar gari, in ba haka ba duk abin da kamfanin da ke sayen ƙarfen ya ce ya ragu a can sai dai ka haɗiye, kuma direba zai rantse maka da abin da ka fi so. Ƙarfen layin dogo da kayan wuta da murfin kwalbati ko kyauta aka baka kar ka karɓa.

Sai abu ɗaya da ya fi sata, duk wani ƙarfe mai rufaffen ciki da ba ka gane ba kar ka bari mai yankan gas ya kusance shi. Kun dai ji abin da ya faru a Hotoro da ke Kano a watan Yunin 2025, bam ya tashi cikin kayan gwangwan da aka kawo daga arewa maso gabas, mutum 5 suka rasu, Allah ya jiƙansu. A Borno ma tun 2023 Gwamna Zulum ya hana harkar bayan an yi ta kashe masu shiga daji neman ƙarfe. Mu a filinmu na sha cewa a ware irin waɗannan kayan gefe guda, amsar da nake samu ita ce akawu ka cika tsoro.

Masu tambaya ta inbox ina na koma, ina nan cikin harkar, wani bawan Allah a wajen Kofar Ruwa a Kano ya kira ni in riƙe masa littafi, kuma sharaɗin da na fara gindaya masa shi ne makulli biyu, ya yarda ba musu. Ɗan littafina na aljihu yana wajena, an aiko a karɓa har da cewa kayan fili ne, nace da kuɗina na saya. Kuɗin watana na ƙarshe kuma har yanzu ana ce min manaja bai sa hannu ba. Na Baba ne ma ya fi damuna, wanda yake da kusanci da Alhaji a cikinku dan Allah ya tuna masa, 'yan uwansa suna nan a layin sun san yadda za a aika masa.