Ba duk mai farar riga ba ne likita

A ƙauyukan Zamfara, duk wanda ya sa farar riga ya riƙe sirinji sunansa likita. Sunan nan yana rufe tambayar da ta kamata a yi: me ya karanta, wa ya ba shi lasisi, ina iyakar aikinsa?

Wanda aka fi tararwa a asibitin sha-ka-tafi shi ne ma'aikacin lafiyar al'umma, wato CHEW. Shekara 3 yake yi a kwaleji irin ta Tsafe, ƙaraminsa JCHEW kuma shekara 2, kafin hukumarsu ta yi musu rajista. Suna da littafin ƙa'ida da ke faɗa musu abin da za su duba, maganin da za su bayar, da inda za su tsaya su tura mara lafiya gaba. Tun 2014 gwamnatin tarayya ta amince wanda aka horar a cikinsu ya karɓi haihuwa, saboda ƙarancin ungozomomin asibiti.

Dubi allurar oksitosin, wadda mata ke kira allurar naƙuda. Mai horo ya san ana yi wa uwar awo 10 ne (wato yunit 10 na maganin) a cinya bayan jariri ya fito, don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Ya san kuma wurin ajiyarta firiji ne, tsakanin digiri 2 zuwa 8; idan ta daɗe a zafin watan Afrilu ƙarfinta raguwa yake yi, a yi ta jini ya ƙi tsayawa. Wanda ya koyi allura a shagon magani kuwa, sai ya danna wa mace ita jariri na ciki, wai don a yi sauri. Idan ɗan a gicciye yake ko ƙugun ya yi kaɗan, mahaifa na iya fashewa, kuma daga ƙauye zuwa Gusau tafiya ce.

Wannan ne ya sa nake ganin ɗaukar ma'aikacin lafiya ta hanyar alfarma zalunci ne, ko da ɗan gari ne mai kirki. Wanda ya ce "wannan ya fi ƙarfina, ku tafi babban asibiti" bai gaza ba, aikinsa ya yi.

Kwamitin lafiya na mazaɓa yana iya neman ganin lasisin kowane ma'aikaci, ya duba ko an sabunta shi, a kuma manna sunaye da matsayin kowa a bakin ƙofar asibiti.