Kaka a Ɗa'ifa, mu biyu a gida

Ɗa'ifa gari ne a Saudiyya da ke cika lokacin zafi, ya kwashe da kaka. Da zarar rana ta matsa wa mutanen Makka da Jidda da Riyad, sai su hauro tsaunin nan, su kama gidajen haya, su cika wuraren shan iska na Hada da Shafa har tsakar dare. Garin yana bisa tudu mai tsayin fiye da mita 1,800, shi ya sa iskarsa ba irin ta Makka ba ce, alhali tsakaninsu bai kai tafiyar awa biyu a mota ba. Ana komawa makaranta a ƙarshen Agusta baƙi za su fara raguwa. A yi bikin ranar ƙasa a 23 ga Satumba, da korayen tutoci da ƙarar motocin samari, daga nan kuma sai garin ya koma hannun masu shi. Benen da muke haya rabinsa na 'yan hutu ne, don haka in Oktoba ta kama, takun mutum a matakala ma labari ne.

Mu ba da ƙuruciya muka zo ba. Na riga na ajiye aikin koyarwa a firamare a Kano, maigidana Malam kuma furfura ta gama cinye gemunsa lokacin da wata kwaleji mai zaman kanta ta ba shi kwantiragin koyar da lissafi. 'Ya'ya duk mun aurar, har autar. Da labari ya bazu a unguwa, kowa cewa yake yi mun dace, Allah ya kai mu kusa da Ɗakinsa. Har yau in waya ta shigo daga gida, ƙarshen maganar ɗaya ne: a sa mu a addu'a in an je ɗawafi. Suna zaton kowace salla a Harami muke yin ta. Ba na musu, ina cewa in sha Allahu, kuma ina rubuta sunayen a wani ɗan littafi don kada in ci amana. Amma yawancin ranaku abin da ke gabana wanke-wanke ne, da ciwon gwiwa, da jiran ƙarar makulli a ƙofa bayan azahar.

Ashe a nan ne ni da Malam za mu fara zaman mutum biyu. Gidan da aka kai ni amarya gidan gado ne a cikin birni: ga mahaifiyarsa, ga matan 'yan'uwansa, ga yaran riƙo, ga almajiran da ke zuwa da kwano bayan magariba. Shi a zaure yake cin abinci da maza, ni kuma da faccalolina a tsakar gida. Mukan wuni maganar da ta shiga tsakaninmu ba ta wuce ta kuɗin cefane ba, kuma ba faɗa muke yi ba, haka zaman yake. Ko da muka gina namu a bayan gari, gidan bai taɓa rabuwa da jama'a ba. Wannan ya zo karatu, wancan ya kawo mara lafiya asibiti, waccan ta yi yaji tana jiran biko.

Nan kuwa ɗaki biyu ne da falo. Da farko nakan jera masa abinci a falo in koma kicin da nawa, har wata rana ya leƙo ya ce, "Hajiya, wa kike jin kunya a nan? Firji?" Tun daga ranar a faranti ɗaya muke ci. A haka na gano yana tsince albasa daga miya ya tara a gefe, abin da ya ɓuya min tsawon zaman aurenmu. Shi kuma ya gano ina magana ni kaɗai in ina girki, har yakan amsa daga falo, wai don kada maganar ta tafi a banza. Sunansa dai har yanzu bakina bai iya faɗa ba. Ko a asibiti aka tambaye ni, katin igama, wato na izinin zama a ƙasar, nake miƙawa su karanta da kansu.

Ba yaron aike, to dole maigida ya zama shi ne yaron. Tun Yunin 2018 aka bar mata su tuƙa mota a ƙasar nan, amma ni da ban riƙe sitiyari a Kano ba, ba a kan tsaunin nan zan koya ba. Malam ne ke sauka da asuba bayan salla ya sayo gurasar tamis mai zafi da ful, wato dafaffen wake, shi ke zuwa kasuwar kayan miya da takarda a aljihu. Mutumin da bai taɓa sanin kuɗin mudun gishiri ba, yanzu shi ke ba ni labarin inda tumatir ya fi arha, yana mitar harajin kashi 15 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan kaya tun 2020. Ranar da na fara ganinsa a gaban famfo ya naɗe hannun riga yana wanke kofuna, sai na juya na bar wurin, don in na tsaya ko dariya ko hawaye ɗaya zai zo. Da mahaifiyarsa, Allah ya ji ƙanta, za ta ga wannan, cewa za ta yi na shanye mata ɗa.

Kakar nan ta rumman ce. Inabi yana ƙarewa, rumman na shigowa, a jibge shi a kwali a bakin hanya, kuma na Ɗa'ifa ya yi suna a duk ƙasar. Da la'asar mukan shimfiɗa leda a falo, shi yana fasawa ni ina ɓarewa, har kwano ya cika. A lokacin ne hazo ke fara saukowa kan duwatsu, wani yammacin a yi tsawa a tsuge da ruwa, har a rufe hanyar Hada saboda haɗarinta. Dare ya yi sanyi, tayil ya ƙi taɓuwa da ƙafa, a fiddo barguna daga saman kabad. Azumin Litinin da Alhamis da muke dakatarwa in zafi ya tsananta, yanzu ne muke komawa kansa.

Tamu kakar kuwa ta waya take iso mana. Ƙanin Malam yakan ɗauko hoton bidiyo daga gonarsu ta wajen Bichi: ga dammunan gero a jere, ga wake an shanya, ga dawa ta sunkuyar da kai tana jiran nata lokacin. Malam ya sa tabarau ya kalla, ya sake kalla, sannan ya kira ya tuna masa abin da shi ma ya sani, cewa gonar da ruwan sama ya shayar dami ɗaya ake fitarwa a cikin goma, kuma a fara da gidan wance da mijinta ya rasu. Ni ba lissafin ne ke damuna ba. Dafaffiyar gyaɗa nake tunawa, da sabuwar masara a kan garwashi, da yadda katunan biki ke taruwa a kan talabijin da zarar an kai amfani gida. Bara bikin jikar yayata ta waya na halarta. Wata yarinya ta riƙe min wayar a wurin kamu, rabin abin da na gani silin ne da bayan ɗankwalin mutane.

Agogonmu yana gaba da na gida da awa biyu. Lokacin da jikoki suka ci tuwon dare suka nemi a kira Hajiya, mu nan goma ta gota, idon Malam ya fara rufewa. Duk da haka ba ma ƙin ɗauka. Da a gida ne, ai ba za a bar tsofaffi biyu su kaɗai ba. Da tuni an turo min takwarata ta zauna a wurina, ta ɗauko min buta, in yi mata kitso. To takardar igama ba ta san riƙo ba. Mata da ƙananan 'ya'ya ta sani, su ma ba kyauta ba: tun Yulin 2017 aka ɗora wa ma'aikatan kamfanoni baƙi kuɗin iyali, aka fara da riyal 100 a wata kan kowane mutum, aka riƙa ƙarawa har ya kai 400 a 2020. Ke nan zamana kusa da mijina riyal 4,800 ne a shekara. Malam yakan ce sadakina bai kai haka ba, ga shi yana sake biya duk shekara, ni kuma in ce ai da can araha ya samu.

Wadda ta cire min kewa wata dattijuwa ce a layin bayanmu, haifaffiyar Makka. A wurin awon jini muka haɗu, ta ji ina waya da Hausa, ta dafa ni ta ce, "'Yar'uwa, daga ina?" Kakanta da ƙafa ya taso daga ƙasar Sakkwato bayan Turawa sun ci ta a 1903, ya ratsa Chadi da Sudan yana noma yana tafiya, ya haye Bahar Maliya a jirgin ruwa, bai sake komawa ba. Ita ba ta taɓa ganin Nijeriya ba, amma Hausarta tsaf, irin ta kakanninmu, babu Turanci ko ɗaya a ciki, sai Larabci da ke faɗowa nan da can. Jikokinta kuwa gaisuwa kawai suka iya, amma in an tuƙa tuwo da miyar kuka ba mai tashi. Irinsu suna da yawa a Makka da Jidda da Madina da nan, masu sunan Hausawi da Fallata da Barnawi. Ɗaya daga cikinsu, Usama Hausawi, shi ya jagoranci 'yan ƙwallon ƙasar a gasar cin kofin duniya ta 2018. Sai dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai 'yan ƙasa, akwai masu igama irinmu, akwai kuma waɗanda aka haifa a nan, aka haifi iyayensu a nan, amma ba su da wata takarda, kullum ido na kan ƙofa. Dattijuwar ce ta kwatanta mana titin Shara Mansur a Makka, inda daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa da goro ke nan kamar ba a bar gida ba. Tun daga lokacin ba mu sake roƙon mai zuwa Umra ya riƙo mana ƙulli ba.

Ta fuskar ibada, sauƙin da ke nan ba a musa shi. Masallaci yana ƙasan benenmu. Ranar Juma'a Malam kan tafi masallacin Abdullahi ɗan Abbas a tsakiyar gari, inda kabarin sahabin yake kusa, don a nan ya rasu a shekara ta 68 bayan hijira. Ni kuma ina zuwa karatun mata bayan la'asar. Da Warshu na taso, su kuwa Hafsu suke karantawa, sai malamar, yarinya ce sa'ar autata, ta ce in ci gaba da nawa, ruwaya ce ingantacciya. Malam ya samo min bugun Madina na Warshu mai manyan baƙaƙe. Wani abin kuma sai a wannan lokacin na shekara: sarki yakan yi shela a fita sallar roƙon ruwa a duk faɗin ƙasar, galibi ranar Alhamis bayan fitowar rana. Mu muna roƙon ya sauko, a gida kuwa manomi na fatan kada ya dawo ya ɓata masa wake.

A 'yan shekarun nan watan Mauludi a bakin kaka yake faɗowa, kuma nan ne ra'ayinmu ya rabu. A ƙasar nan ba hutu, ba zagaye, ranar kamar kowace rana. Malam ya ce kunnensa ya huta da lasifika. Ni kuwa raina yana Kano, wurin 'yan Islamiyya da sabon anko, da jama'ar da ke hawa Dala ranar Takutaha. Na dafa shinkafa da kaza na aika wa maƙwabta ban ce musu ta mece ce ba, na zauna a kicin ina rera begen da na iya tun ina yarinya. Bai hana ni ba, kuma ya ci kazar.

In jiki ya yarda mukan sauka Umra, yanzu da zafin Makka ya fara sassautawa. A Wadi Muhrim muke ɗaukar harami in ta Hada za mu bi, mu gangara kwane-kwanen hanyar, birai na zaune a bakin titi suna jiran a jefa musu ayaba. In an rufe ta, sai mu zaga ta Sailul Kabir. Safa da Marwa yanzu a keke nake yi. Kusan bayan kowace farilla a Harami sai an yi kiran sallar gawa, kuma duk lokacin da aka idar nakan ga Malam ya yi shiru a hanyar dawowa. Na san abin da ke ransa, don ya faɗa ba sau ɗaya ba: yana so ajali ya riske shi a nan, dubban mutane su sallace shi a gaban Ka'aba.

Ba na ce masa kada ya so hakan. Wane musulmi ne zai ƙi? Amma na gaya masa nawa. Igamata a jikin tasa take rataye. In ya riga ni, ba zama zan yi ba, haɗa kaya zan yi in koma, in bar shi a kabarin da ba suna a kansa, 'ya'yansa su yi ta karɓar gaisuwa ba su ga gawar ubansu ba. In kuma ni na riga shi, ina so hannun da ya san ni ya yi min wanka, ƙannena su zauna a tabarma a tsakar gidana a zo a yi musu ta'aziyya. Ya ce, "Hajiya, ƙasa duk ta Allah ce." Na ce, "To Malam, Kano ma a cikinta take."

Ba mu daidaita ba. Makon jiya ya sa hannu a takardar neman sabunta kwantiragi, an ce sai ƙarshen zango za a ji amsa, kuma shekarunsa na cikin abin da za su duba. Ni kuma na tura wa babban ɗanmu kuɗi ya je Dawanau tun hatsi na da sauƙi, ya sayi gero da wake da dawa na shekara guda, ya zuba a ɗakin ajiya, ya kuma kira mai gyara ya duba rufin ɗakina da ya yi yoyo da damina.