Kafin ka sayi littafi kan sufasimetiri, duba shekarar bugu

Mai neman littafin fiziks da aka rubuta don kowa da kowa, ya fara duba shekarar da aka buga shi tun kafin sunan marubuci. A wannan fanni iyakar ita ce 4 ga Yulin 2012, ranar da cibiyar CERN da ke kusa da Janeba ta sanar da gano ƙwayar Higgs. Littattafan da suka riga wannan rana, irin na Gordon Kane da ya fito a 2000, an rubuta su ne cikin jiran sakamako, kuma da yawa sun sa rai LHC, babban injin CERN mai karo da ƙwayoyi, zai tono sufasimetiri, wato ra'ayin cewa kowace ƙwaya tana da abokiyar tagwaitaka da ba a gano ba tukuna, ba da jimawa ba da kunna shi.

Babukan farko na waɗannan littattafai har yau lafiya lau suke. Ƙwayoyi 17 da aka tabbatar suna nan yadda suke: kwak shida, lefton shida da suka haɗa da elektiron, masu ɗaukar ƙarfi huɗu, wato foton, giluwon, W da Z, sai Higgs. Duk an auna su.

Inda za ka buɗe ido shi ne babin da marubuci ya fara zancen abokan tagwaitaka. Ra'ayin ya samo asali ne daga aikin Golfand da Likhtman a 1971, da na Wess da Zumino a 1974. Yana cewa kowace ƙwaya mai gina abu (kwak ko lefton) tana da abokiya a ɓangaren boson, wato rukunin masu ɗaukar ƙarfi da Higgs, haka ma kowane boson yana da tasa a ɗaya ɓangaren. Dalilin da ya sa masana suka rungume shi lissafi ne. Nauyin Higgs GeV 125 ne (GeV ma'aunin nauyi da kuzarin ƙwayoyi ne), alhali furoton, ƙwayar da ke tsakiyar atom, bai kai GeV 1 ba. To amma gyare-gyaren kwantum, wato gudummawar da sauran ƙwayoyi ke bayarwa a lissafin, suna jan nauyin Higgs sama, zuwa ma'aunin Planck, wajen GeV 1 da sifiri 19 a bayansa. Gudummawar ɓangarorin biyu kishiyar juna ce, don haka idan akwai abokan, sai su kashe juna. Sharaɗin da littattafai kan wuce da sauri shi ne, wannan dabara tana aiki da kyau ne kawai idan abokan ba su yi nauyi fiye da kimanin TeV 1, wato GeV 1,000, ba.

Nan gizo ke saƙa. LHC, zobe mai tsawon kilomita 27, ya yi karo da furoton a TeV 7 a 2010, TeV 13 a 2015, sannan 13.6 daga 2022. Ba a ga abokiya ko ɗaya ba. A sassauƙan samfuri, ATLAS da CMS, manyan gwaje-gwaje biyu na LHC, sun kore abokin giluwon har sama da TeV 2. Shi kansa 125 ɗin ya matsa wa ra'ayin: a mafi sauƙin sigarsa, Higgs ba ya wuce nauyin Z, GeV 91, sai da taimakon abokin kwak ɗin da ake kira top, kuma wannan taimako yana bukatar abokin ya yi nauyi sosai.

Littafi mai kyau zai nuna maka yadda ake neman abin. Abokiya mafi ƙarancin nauyi ba ta barin sawu a na'ura, don haka ana tara motsin duk abin da ya fito ta gefe bayan karo. Idan jimilla ba ta tashi sifiri ba, wani abu ya sulale. Matsalar ita ce niyutirino, wata nau'in lefton, ita ma haka take sulalewa, misali idan Z ta rabe zuwa niyutirino biyu. Rabin aikin masana ke nan, ƙididdige wannan hayaniya kafin su ce sun ga sabon abu. Marubucin da bai taɓo wannan ba, a ganina, talla yake yi.

Ba a binne sufasimetiri ba, domin mafi sauƙin sigarsa ma tana da sababbin lambobi sama da 100 da za a iya murɗawa, kuma wannan ne babban abin da masu suka ke kamawa. Sabine Hossenfelder, a littafinta na 2018, ta ce son kyawun lissafi ne ya ɓatar da masana. Ka haɗa nata da ɗaya daga cikin tsofaffin, ka fara da tsohon.