Zabura ɗaya kowane dare

A shekara ta 6 da aurenmu cikin matata ya zube karo na biyu. Da muka dawo daga asibiti ta kwanta ta juya fuska ga bango, ni kuwa na zauna a bakin gado na ɗauko maganar da bakina ya saba da ita: "Ki yi haƙuri, Allah ne mai iko, ya san abin da yake yi." Na ƙara mata da Romawa 8:28, inda manzo Bulus ya ce dukan abubuwa suna aiki tare domin alherin masu ƙaunar Allah. Ba ta juyo ba. Can bayan ɗan lokaci ta ce, "Maigida, na san ayar nan tun ina yarinya. Yau kai nake nema."

Maganar ta soke ni. A ganina ni ne mai ƙarfin bangaskiya a gidan, ni ne nake riƙe da mu kada mu faɗi. Sai da na kwana biyu ina juya ta a raina kafin na gane gaskiya: tsoron hawayenta nake ji. Duk sa'ad da ta fara kuka sai in jawo ikon Allah in rufe mata baki da shi, don kada nawa kukan ya taso. Ayar gaskiya ce, ban taɓa shakkarta ba, amma na mai da ita murfi.

Wani dattijon ikilisiyarmu ne ya fara buɗe mini ido. Na je wurinsa ina neman ya zo ya ƙarfafa ta, sai ya tambaye ni, "Ɗana, yaushe rabonka da yin addu'a tare da ita, da muryarka, tana ji?" Na rasa amsa. Muna zuwa sujada tare, muna godiya kafin mu ci abinci, amma batun haihuwa kowa shi kaɗai yake kai wa Allah a ɓoye. Ya sa na buɗe Farawa sura 25. Ishaku yana da shekara 40 ya auri Rifkatu, sai da ya kai 60 aka haifi Isuwa da Yakubu. Abin da Littafi Mai Tsarki ya faɗa game da waɗannan shekaru 20 gajere ne ƙwarai: Ishaku ya roƙi Ubangiji saboda matarsa. Daga nan ya kai ni 1 Sama'ila sura 1, wurin Elkana, mutumin kirki mai ƙaunar matarsa Hannatu, wanda ya ga tana kuka ta ƙi cin abinci saboda rashin haihuwa, ya tambaye ta ko shi bai fiye mata 'ya'ya maza goma ba. Dattijon ya ce, "Ƙaunarta yake yi, amma bai ji ta ba. Sai ita kaɗai ta tashi ta kai kukanta gaban Ubangiji." Bai ƙara komai ba. Na ga kaina a jikin Elkana sarai.

A daren nan na roƙi gafararta, na kuma kawo shawara cewa mu riƙa karanta Zabura ɗaya kowane dare, daga ta 1 zuwa ta 150, bi da bi, ba tsallake ko ɗaya. Ita ce ta kafa sharaɗi, kuma shi ne ya ceci abin: ba mai yi wa wani bayani. Yau ni in karanta, gobe ita, bayan haka kowa ya faɗa wa Allah magana ɗaya ko biyu, shi ke nan. Ta san halina. Da an bar ni, da na mai da kowane dare darasin nazarin Littafi, har cikin addu'a ma da na riƙa yi mata gargaɗi ina fakewa da sunan Allah.

Makonnin farko da nauyi. Mutum yakan ji kunyar buɗe zuciyarsa ga Allah a gaban wanda ya san shi ciki da waje, ya ga fushinsa da rowarsa da ragwancinsa. Akwai daren da muka yi faɗa a kan kuɗi, muka kwanta ba wanda ya taɓa Littafin. Washegari ma haka. A dare na uku ta ɗauko shi ta ajiye a tsakaninmu ba ta ce uffan ba. Ban iya karantawa ba sai da muka kashe maganar. Tun daga nan gargaɗin Afisawa 4:26, cewa kada rana ta faɗi muna cikin fushi, ya zama mana abin yi na zahiri, domin da wuya ka karanta addu'ar Dawuda da babbar murya kusa da wadda ka ƙi yi wa magana tun safe.

Abin da ban zata ba shi ne yawan kukan da ke cikin Zabura. A ta 13 Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe" sau huɗu cikin ayoyi biyu. A ta 56 ya ce Allah yana tara hawayensa, yana da lissafinsu. Ni da na ɗauka bangaskiya ita ce mutum ya haɗiye komai ya ce ba komai, ga shi Allah da kansa ya ajiye wa jama'arsa kalmomin kai ƙara gare shi.

Zabura 88 ta faɗo a darena. Ta bambanta da sauran zaburoyin kuka, domin yawancinsu sukan juya zuwa yabo kafin su ƙare, ita kuwa a cikin duhu take ƙarewa. Mai zaburar bai ɗora wa ƙaddara ko maƙiya laifi ba. Allah yake ce wa, kai ne ka sa ni cikin rami, kai ne ka nisanta abokaina da ni. Duk da haka ya fara da kiransa Allah na cetona. Ban kai ƙarshe ba muryata ta karye. Karo na farko ke nan da na yi kukan 'ya'yan nan biyu da ba mu taɓa riƙewa a hannu ba. Matata ba ta jawo mini aya ba. Ta riƙe kaina har na yi shiru, ta karɓi Littafin ta ƙarasa.

Wani zai ce irin wannan karatu yana rage wa mutum dogara ga ikon Allah. A wurina ƙaruwa ta yi. Idan ba shi ke riƙe da mahaifa da numfashi da kwanakinmu ba, to wa muke yi wa kuka, kuma don me? Domin shi ne mai iko shi ya sa ƙararmu take da wurin zuwa. Na koma Yohanna sura 11 da sabon ido. Yesu ya san zai ta da Li'azaru daga matattu, ya ma faɗa wa almajiransa tun kafin su kama hanya. Amma da ya ga Maryamu, 'yar'uwar Li'azaru, tana kuka, bai tsawata mata ba, shi ma ya yi kuka. Wanda ya fi kowa sanin ƙarshen labarin bai hana hawaye ba, ni kuwa da ban san ko gobe ba na shekara 6 ina hanawa.

Wannan ya taimake mu da maganganun mutane kuma. Akwai masu kyakkyawar niyya da suka ce mu bincika ko akwai zunubin da ba mu tuba ba, ko bangaskiyarmu ce ta gaza. Mun bincika kanmu, kuma ya kamata. Amma Luka ya ce Zakariya da Alisabatu masu adalci ne a gaban Allah, suka kuma tsufa ba ɗa. Abokan Ayuba sun yi kwana 7 zaune da shi ba su ce komai ba, sai da suka fara bayyana dalilan wahalarsa ne suka kauce, har Allah ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi Allah ba. Yanzu idan na je gaisuwa wurin wanda ya yi rashi, zamana ya fi maganata yawa.

Dare mafi wuya ga matata shi ne na Zabura 113, wadda ta ƙare da cewa Ubangiji yana mai da bakarariya uwar 'ya'ya mai farin ciki. Ta karanta har ƙarshe, ta rufe Littafin ta ce, "Ubangiji, ka yi wa Hannatu. Ni ban gane ba." Addu'arta ke nan gaba ɗaya. Na ce amin, ban gyara mata ba. Bayan kwana biyu muka iso ta 115, mai cewa Allahnmu yana sama, yana yin abin da ya ga dama. Ta karanta wannan ma da murya ɗaya. Ta 127 da ta 128, masu maganar 'ya'ya albarka ce daga Ubangiji, na so mu tsallake su saboda ita, ta ƙi. Ta ce maganar Allah ce ko ta yi mana daɗi ko ba ta yi ba.

Mun raba Zabura 119 bisa sassanta 22, ga kuma daren da muka fasa saboda gajiya ko tafiya, don haka zagayen farko ya ci mana kusan wata 7. Da muka gama ba wanda ya tambayi ɗan'uwansa, washegari muka koma ta 1.

Yanzu shekararmu 8 da aure, muna zagaye na uku. Ba mu sami haihuwa ba tukuna. Muna ci gaba da ganin likita, muna kuma roƙo a fili, ba mu daina ba. Watan jiya matata ta fito da kayan jariri da ta ajiye tun cikin farko, ta ce tana so ta kai wa wata 'yar'uwa a ikilisiya da ta haihu ba ta da hali. Muka ninke su tare. Ta cire 'yar hula guda ɗaya ta mayar cikin akwati, ban tambaye ta dalili ba. Yau da dare Zabura 113 ce kuma, ta ce in karanta mata.