Talata, Yunwar Bayan Tattaki

Ina idar da sallar asuba na ɗaura takalmina na zura hijabi. Ni da maƙwabciyata muka miƙa har Ƙofar Nasarawa muka juyo, minti 45 cif. Hunturu ya kankama, ƙura ta rufe gari, shi ya sa ko ƙishirwa ban ji ba sai da na shigo gida na ji maƙogwarona kamar an zuba masa toka.

Abin da ya faru makon jiya ne ya sa yau na canza tsari. Ran nan da na dawo, ruwan zafi da lemon tsami kawai na sha, wai kada in ɓata wahalar da na yi. Kafin azahar hannuna rawa yake, jiri na ɗibata a bakin murhu. Na aiki yaro ya sayo fanke, na cinye biyar a tsaye, na kora da lemon kwalba, wanda shi kaɗai ya kai kalori 140 (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki). Da dare kuma malmala biyu ta tuwo. Na kwanta raina a ɓace, har da hawaye.

Da na faɗa wa Yaya a waya, cewa ta yi, "Haba ƙanwata, kin sa jiki aiki kin hana shi haƙƙinsa, ai dole ya karɓa da ƙarfi. Ki ci tun yunwar ba ta fusata ba."

To yau sai da na sha ruwa kofi biyu, na watsa ruwa, sannan na zauna sosai, ba a tsaye ba. Dafaffen ƙwai biyu, kowanne da furotin, wato sinadarin gina jiki, wajen giram 6, sai kunun gyaɗa da sukari rabin cokali. Da rana shinkafa da wake, amma waken ya fi yawa, da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli a gefe. Na ɓare lemon zaƙi na sha a kai, tunda yana taimaka wa jiki ya zuƙi sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi, daga wake da ganye. Shayi kuwa yana tauye hakan, don haka na jinkirta shi. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin mu mata kowane wata muna rasa jini, kuma na taɓa shan maganin ƙarin jini wata uku.

La'asar ce lokacin da nake tsoro. Ta zo, kwaɗayin zaƙi ma ya zo, ga shi saura kwana huɗu al'adata, lokacin da cina kan ƙaru. Ban yi faɗa da kaina ba. Na ɗauko kindirmo mai sanyi da dabino uku, na ci a hankali ina duba wa Auta aikin makaranta. Ya wuce.

Da dare malmala ɗaya da miyar kuka ta ishe ni, alhamdulillahi. Na surfa wake na jiƙa, gobe alale za mu tarar idan mun dawo, in sha Allahu.