Hawayen mutum-mutumi

Jiya sai wajen ƙarfe biyu na dare na ajiye wani littafin ƙagaggen labari da wata ƙawata ta ara min. An ɗauke wuta, da fitilar waya na ƙarasa shi, sauro na ta cin ƙafata ban ko motsa ba.

Labarin wani ƙauye ne a Italiya, inda kowa ya san sirrin kowa amma ba mai faɗa. Limamin cocin ne ya fi ba ni tausayi. Mutane na zuwa su yi masa ikirarin zunubansu, shi kuma dokar cocin Katolika ta hana shi furta ko kalma, ko da wuƙa a wuya. Sai aka wayi gari ana cewa an ga abin al'ajabi a ƙauyen, baƙi suka fara tururuwa, masu shago suka fara murmushi.

Da farko na ce marubucin ya zuzuta. Ashe ba haka ba ne. A 1953, a garin Sirakusa na tsibirin Sisili, an ce wani ɗan mutum-mutumin Maryamu ya yi kwana huɗu yana zubar da hawaye, har limaman yankin suka amince. A 1995 kuma a garin Civitavecchia da ke kusa da Roma aka ce wani mutum-mutumin ya yi hawayen jini, da aka gwada sai aka tarar jinin namiji ne.

Ni dai wata tsohuwa ta cikin labarin ce ta tsaya min a rai. Ta san gaskiyar abin sarai, amma kullum da asuba tana can tana kunna kyandir.